A Fito da Rajistar Masu Kamun Ƙafa a Majalisa

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta rahotonku kan Bob Menendez, tsohon sanatan Amurka da kotu ta samu da laifin karɓar cin hanci da yi wa gwamnatin Masar aiki a 2024, har aka yanke masa ɗaurin shekara 11. Sandunan zinare aka taras a gidansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Amurka tana da dokar FARA tun 1938, wadda ta wajabta wa duk mai yi wa wata ƙasa kamun ƙafa ya yi rajista, amma duk da haka aka yi wannan ta'asa. To ina ga mu?

A nan Legas muna ji a jikinmu. Ɗan kasuwar Mile 12 da ya ɗauko kwandunan tumatir daga Kano yana gogayya ne da markaɗaɗɗen tumatirin waje da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Duk lokacin da kwamitin majalisa ya zauna kan haraji ko shigo da kaya, kamfanonin waje suna da masu magana da yawunsu a Abuja. Shi kuwa sai dai ya ji sakamako a rediyo.

Ba na cewa ganawa da baƙi laifi ce. Ɓoye ta ne matsalar. Ina kira ga Majalisar Tarayya ta yi dokar da za ta tilasta wa masu kamun ƙafa yin rajista, kowane ɗan majalisa kuma ya bayyana wanda ya biya masa kuɗin jirgi da otal idan ya fita waje. A sa bayanan a intanet, Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta riƙa bin sawu.

Naku,
Wani mai karatu,
Agege, Legas