Wasiƙa zuwa ga ɗana da zai fara koyon tuƙin jirgin soja

Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mu nan gida kowa lafiya lau, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, mun ji sunanka ya fito cikin ƙananan hafsoshin da za su koyi tuƙin jirgi a Kaduna. Allah ya sa albarka. Ka ce burinka wata rana a kira ka Iya Mashal. Ban ga laifin wannan buri ba, sai dai ina so ka san tsawon hanyar da abubuwan da ke yanke ta, domin yawancin waɗanda suka tsaya a tsakiya ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya tsayar da su ba.

Fara da lissafin shekaru. Daga inda kake, sai ka bi ta Filayin Ofisa, Filait Laftanar, Sukwadiron Lida, Win Kwamanda da Guruf Kyaftin kafin ka taka Iya Kwamado, wanda shi ne daidai da Birgediya Janar a sojan ƙasa. Daga nan sai Iya Bayis Mashal, daidai da Manjo Janar, sannan Iya Mashal, muƙamin da Babban Hafsan Sojin Sama ke riƙewa. Na sama da shi kuwa, mai tauraro huɗu, Paul Dike da Oluseyi Petinrin da Alex Badeh sun same shi ne a kujerar Babban Hafsan Tsaro. Sadique Abubakar, ɗan Azare, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, ya zama hafsa a 1982, bai hau kujerar shugabancin rundunar ba sai 2015. Hasan Bala Abubakar na Shanono ya fito a 1992, ya hau a 2023. Shekara 33 ga na farko, 31 ga na biyu, alhali aikin gaba ɗaya shekara 35 ne. Ka ga ke nan babu rarar lokaci. Jarrabawar ƙarin girma ɗaya da ka faɗi, ko hukunci ɗaya da ya ci maka shekara a jerin girma, ya isa ya sa 'yan kwas ɗinku su wuce ka, kuma kujerun raguwa suke yi yayin da ake hawa.

A makarantar tuƙi ta 401 da ke Kaduna za a fara da kai a ƙaramin jirgi mai farfela irin su Super Mushshak. Kafin ka taɓa sandar tuƙi sai ka haddace jirgin a ƙasa: hanyar mai, lantarki, gudun da ake tashi da shi, gudun da idan ka yi ƙasa da shi fiffike zai daina ɗaukar jirgin, da matakan gaggawa idan inji ya mutu. Waɗannan matakan na gaggawa haddar fatiha ake yi musu, don a sama babu lokacin buɗe littafi. Awannin da ake ba ɗalibi kafin ya tashi shi kaɗai ƙayyadaddu ne, wanda bai iya sauka lafiya a cikinsu ba sai a mayar da shi wani sashe. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne sauka, kuma dalilin kusan ɗaya ne: sun shigo da gudu ko tsayi da bai dace ba, maimakon su ƙara wuta su sake zagayowa sai kunya ta sa su tilasta wa jirgin taɓa ƙasa. Malami nagari ba ya rage wa ɗalibi maki don ya sake zagaye. Yana rage masa ne don ya ƙi.

Bayan nan za a raba ku. Wasu Kano, su hau jet ɗin L-39, daga can su wuce Kainji wajen Alpha Jet da Super Tucano, ko Makurɗi wajen JF-17. Wasu Inugu don jirgi mai saukar ungulu, wasu manyan jiragen dako irin C-130 a Legas. Za a tambaye ka zaɓinka, amma buƙatar runduna da sakamakonka ne za su yanke. Kada ka raina inda aka kai ka, kowane ɓangare ya fitar da shugabanni.

Yanzu jikinka, don shi ne kayan aikinka na farko. Sama da ƙafa 10,000 iskar oksijin tana ƙaranci, kuma mugun abin shi ne wanda ta ƙare wa ba ya jin ciwo, daɗi ma yake ji yana ganin komai daidai. A ƙafa 25,000 ba tare da abin shaƙa ba, minti 3 zuwa 5 ne mutum yake da su kafin hankalinsa ya daina amfani. Ka duba bututun oksijin da hannunka kafin kowane tashi. A jet kuma, idan ka ja jirgi ya yi kwana mai ƙarfi, nauyin jikinka yana ninkuwa, jini ya gangara ƙafafu. Daga ninki 4 zuwa 5 ido ya fara duhu, sai suma, in ba ka ɗaure cinyoyi da ciki kana numfashi gajere-gajere yadda aka koya maka ba. Azumi, rashin barci da ƙarancin ruwa a jiki duk suna rage juriyar. Idan kana azumi ko kana shan magani, ko da na mura ne, ka gaya wa likitan runduna, shi ya san abin da ya halatta ka tashi da shi. Ɓoye ciwo don kada a sauke ka daga jerin masu tashi cin amana ne ga wanda ke zaune a bayanka.

Ka san hazonmu na hunturu yadda yake rufe Kufena har ba a ganin dutsen daga gari. A sama ya fi haka muni, domin ƙasa da sama haɗewa suke yi babu layin da ya raba su. A nan kunnen ciki yake yi wa matuƙi ƙarya, ya ji jirgi a miƙe alhali ya karkata. Maganinsa ɗaya ne, ka gaskata agogunan da ke gabanka, ka ƙaryata jikinka. Da bazara, watan Maris da Afrilu, iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfi, jirgi yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Lodin da ya tashi da asuba ba lallai ya tashi da azahar ba, musamman a wuri mai tudu kamar Jos, don haka a sake lissafin nauyi kowane lokaci. Hadarin damina kuwa ba a ratsa shi, kewaye shi ake yi da tazarar mil 20. Kuma kafin ka tashi ka rubuta adadin man da idan ya kai nan dole ka juyo gida, ko da aikin bai ƙare ba.

Ka girmama makanikai da injiniyoyi. Sajan ɗin da ya shekara ashirin yana kwance inji ya fi ka sanin jirgin, ko da shi ke sara maka. Ka karanta littafin gyaran jirgi kafin ka sa hannu, ka zagaya shi da idonka: taya, yoyon mai, murfin da ba a ɗaure ba, fil ɗin da ba a cire ba. Noti ɗaya da aka yar a titin jirgi, idan injin jet ya zuƙe shi, ya gama da injin. Idan ka yi wa jirgi saukar da ta buga da ƙarfi, ko ka wuce iyakar da aka ɗebar masa, rubuta shi a littafin ko da za a yi maka faɗa. Tsagewar da ka ɓoye yau, wani ne zai tashi da ita gobe.

Daga Sukwadiron Lida zuwa sama alƙalami ya fara rinjayar sanda. Akwai ƙaramin kwas da babban kwas a kwalejin hafsoshi ta Jaji, nan kusa da mu, daga baya kuma Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja ko cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa ta Kuru. Hukumar ƙarin girma ba fuskarka take gani ba, fayil ɗinka take gani: rahoton shekara-shekara, sakamakon kwas, rundunonin da ka jagoranta, da ko an taɓa gurfanar da kai. Ka koyi rubuta takarda shafi ɗaya da za ta faɗi matsala, zaɓin da ake da su, kuɗin kowanne da shawararka. Matuƙa da yawa masu hannu sun tsaya a nan don sun raina aikin tebur.

Shi Babban Hafsan Sojin Sama, aikinsa na gaskiya ba yawan jiragen da ke ajiye ba ne, nawa ne za su iya tashi gobe da safe. Kowane inji yana da awannin da idan ya cika dole a sauke shi, kayan gyara kuma daga waje ake odarsu da kuɗin waje, wani ya ɗauki watanni kafin ya iso. Idan ba a yi oda da wuri ba, sai a fara cire kayan wannan jirgi ana sa wa wancan, kafin a farga rabin jiragen sun zama gawa a rumfa. Idan jirage suka ragu awannin tashi sun ragu, matuƙa hannunsu ya yi sanyi, ƙwararrun kuma su fara hangen kamfanonin jiragen fasinja. Duk wannan daga sa hannu ɗaya yake farawa, a kan kasafi ko kwangila. Shi ya sa nake gaya maka tun yanzu: kuɗin safaya da na man jirgi jinin mutane ne, kada kobo ɗaya ya shiga gidanka.

Abu mafi nauyi a wuyansa shi ne iya cewa a'a. A ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji. A ranar 21 ga Mayu 2021 wani jirgin ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna ana cikin mummunan yanayi, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum 10 suka rasu. Allah ya ji ƙan su. Ka karanta irin waɗannan da niyyar ɗaukar darasi. Ranar da babban mutum zai tsaya a kanka yana duba agogo, jirgi kuma bai cika sharaɗi ba ko hadari ya haɗo, ka ce ranka ya daɗe ba za mu tashi ba, cikin ladabi, ka kawo dalilinka. Idan kai ne babba, ka tsaya wa yaron da ya faɗi haka, in ba haka ba na gaba ba zai faɗa ba.

Haka ma sakin bam. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya kai hari bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, rayuka masu yawa suka salwanta. Daga sama taron biki da taron 'yan bindiga suna iya kama da juna. Idan bayanan sirri, abin da idonka ya gani da abin da na ƙasa ke faɗa ba su haɗu ba, ka dawo da bam ɗinka. Za a tambaye ka a bariki, amma tambayar lahira ta fi.

Ka kuma sani, shugaban ƙasa ne ke naɗa Babban Hafsa, kuma bisa al'ada idan aka ɗauko na ƙasa da kai, ritaya ta same ka ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Don haka ka nisanci 'yan siyasa kana cikin kaki, ka mallaki muhalli da halal ɗinka tun kana Win Kwamanda, ka kuma riƙe littafin awannin tashinka da tsabta, kowane awa da sa hannun wanda ya dace, don zai yi maka amfani bayan kaki.

Kafin ku fara tashi ka aiko mana da ranar da za a ba ku hutu. Mahaifiyarka ta ce ka riƙe azkar na safe da yamma da addu'ar hawa abin hawa, kuma ka riƙa kiranta ranar Juma'a. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.