Ba 'yan fim ne suka hana tashar gas a gaɓar Oxnard ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na daren Laraba ya ɓata mini rai, mai gabatarwa kuma ya ƙara mini, domin ya bar maganar ta wuce har da 'yar dariyarsa. Wai wasu attajiran 'yan fim ne a Malibu, da ba sa son komai ya tare musu kallon teku daga barandar gidajensu, suka hana a kafa tashar shigo da gas a Kalifoniya. Haka ya faɗa, ya wuce zuwa zancen farashi abinsa. A mota nake saurare ta waya, sai da na gangara gefen titi na mayar da wurin baya, ko kunnena ne. Ba kunnena ba ne.

Ni ganau ne ba jiyau ba. Tun 2001 nake zaune a kudancin Oxnard, inda iskar yamma take kawo maka ƙanshin teku haɗe da warin takin gonaki. Tuƙin motar dakon kayan gona nake yi, daga ɗakunan sanyi zuwa kasuwannin Los Angeles. Ranar 9 ga Afrilun 2007 na ajiye aiki, na yi asarar kuɗin yini guda, na tafi babban zauren taron birnin inda hukumar filaye ta jiha ta zauna jin ra'ayin jama'a. Zaure ya cika, waje ya cika. Masu tsinkar sitiroberi sun zo da takalmansu na gona da laka a jiki, mata da goyo, malaman makaranta, tsofaffin sojojin ruwa da hulunansu. Tun da safe aka fara, sai da dare ya yi nisa aka tashi. La'asar da magariba a filin ajiye motoci na yi su, a kan kwalin latas. Cikin mutanen nan baƙonku bai ga kowa ba sai 'yan fim. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce ba su zo ba. Ɗan fim Pierce Brosnan ya fito, ya yi magana, kyamarori suka bi shi, kuma mun ji daɗin hakan don ya sa jaridun Los Angeles sun waiwayo mu. Amma bututun ba a Malibu zai fito ba. Kamfanin BHP Billiton na Ostireliya ya tsara ya girke tasharsa, wadda ya sa wa suna Cabrillo Port, mil 14 daga gaɓa, bututu biyu su biyo ƙarƙashin teku su ɓullo a Ormond Beach, bakin tekun Oxnard. Daga ƙofar gidana zuwa Ormond Beach bai kai tafiyar minti goma a mota ba. A bakin tekunmu aka riga aka dasa tashoshin wutar lantarki biyu, ga tulin dattin wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da gwamnatin tarayya ta sa cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata. Duk abin da masu hali ba sa so a bayan gidansu, Oxnard ake kawowa, garin 'yan ƙwadago, yawancinsu 'yan asalin Mekziko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne baƙon bai ko ambaci Point Mugu ba. Yaya mutum zai yi maganar wannan tasha ya tsallake Point Mugu? Kamar ka ba da labarin gobarar kasuwa ne ka manta da mai sayar da fetur a gefe. Tun 1946 sojojin ruwan Amurka suke gwajin makamai masu linzami a nan. Filin gwajinsu ba a tudu yake ba, a teku yake, murabba'in mil 36,000, har da tsibirin San Nicolas inda suke harbawa. Idan ka bi titin gaɓa za ka wuce wani ɗan fili da suka jera tsofaffin makaman a tsaye kamar turaku, yara suna zuwa ɗaukar hoto. A gefen wannan fili na gwaji aka ce za a ɗaure tashar, wato jirgi mai tsawon kusan mita 300, da tankuna uku masu siffar ƙwallo, cike da gas da aka sanyaya har ya wuce digiri 160 ƙasa da sifiri ya zama ruwa. Abin da ke cikin tanki ɗaya, in ya koma iska, ya ninka kansa sau 600. Jiragen dako kuma su riƙa zuwa daga ƙetaren Pasifik kusan biyu kowane mako suna sauke masa. Dab da wurin ga hanyar manyan jiragen kwantena masu zuwa Los Angeles da Long Beach.

Maƙwabcina na lokacin wani dattijo ne ɗan asalin Filifin, ya yi shekaru a sojan ruwa ya yi ritaya, Allah ya yi masa rasuwa tun tuni. Shi ya fara jan ni zuwa zaman majalisar birni. Da yamma muna zaune a ƙofar garejinsa yake ba ni labarin yadda ake yi kafin harbi: a fitar da sanarwa ga masu jiragen ruwa, a tashi jirgin sama ya zaga ya tabbatar babu ko kwalekwalen masunta, in an ga wani ya shigo a dakata har ya fita. Ya ce masunci kana iya kora shi a rediyo cikin minti kaɗan, amma ƙaton jirgin gas ba ya juyawa kamar keke, tashar kuwa da sarƙa za a ɗaure ta a ƙasan teku, babu inda za ta. Bai taɓa ce mini lallai makami zai faɗa mata ba. Abin da yake maimaitawa shi ne, abin da ake gwadawa ai don ba a gama yarda da shi ba ne ake gwada shi. Wannan magana ta zauna mini har yau.

Mu kuma a garin nan ba sai an ba mu labarin abu ya faɗo daga sama ba. A Janairun 2000 jirgin fasinja ya faɗa teku kusa da tsibirin Anacapa, mutum 88 babu wanda ya fita. Akwai abin tunawa da su a bakin tekun Port Hueneme, nakan kai yarana wurin. Kuma muna cikin wannan taƙaddama, a Janairun 2004, masana'antar gas ta Skikda a Aljeriya ta yi bindiga ta kashe mutum 27. To a ce mana tsoronmu na kallon teku ne daga baranda?

Akwai ta biyu, wadda ita ce ta fi tayar wa kansiloli hankali in ka saurare su da kyau, wato tuwo. Sansanin sojan ruwa shi ne babban mai ɗaukar ma'aikata a yankin Ventura. Matata tana kula da tsofaffi a gidajensu, kusan rabin waɗanda ta yi wa aiki fanshon sansanin suke ci. A 2005, da gwamnatin tarayya ta yi zagayen rufe sansanoni da haɗe su, garin nan bai yi barci ba, kuma an ƙare da shawarar kwashe wasu ayyuka zuwa China Lake cikin hamada. Abin da ya riƙe Point Mugu a wurin shi ne buɗaɗɗen tekun nan da babu kowa a ciki. Ka cika bakinsa da jiragen gas da zagayen tsaron da ake shata musu, gobe wani a Washington ya ce filin ya yi cunkoso a mayar da gwajin wani wuri, wa zai biya hayar gidajenmu? Kamfanin da ma'aikatan tasharsa ba za su cika motar safa biyu ba?

Majalisar birnin Oxnard mutum biyar ce kacal a lokacin, magajin gari Tom Holden mai duba ido ne yana rubuta wa mutane tabarau. Ba su da ikon hana komai a teku mil 14 daga gaɓa, wannan hurumin tarayya ne, sun sani mun sani. Duk da haka suka zartar da ƙudurin ƙin amincewa, suka aika wasiƙu, suka sa ma'aikatan birni su bi dubban shafukan rahoton muhalli suna tsamo inda aka yi rufa-rufa da inda aka yi tsallake. Daren Talata kowa ya zo a ba shi minti uku. Ni da Turancina na direba na tashi sau ɗaya, gwiwata tana rawa, na ce ɗiyata tana da asma kuma iskar yamma daga teku take shigo mana taga. Babu wanda ya yi dariya. An rubuta sunana a littafin zama. Na tuna sakatariyar ƙaramar hukumarmu a gida, inda sai ka san wani kafin maigadi ya buɗe maka ƙofa, na yi shiru kawai.

Kuma ba a kanmu aka fara ba. Dattawan garin sun riga sun yi wannan kokawa a 1977, lokacin da aka so kafa irin tashar a tudu a Ormond Beach ɗin nan dai. Rahoton da aka yi a lokacin ya ƙiyasta mutum 70,000 ne ke cikin haɗari idan gas ya tsere ya zama gajimare. Jiha ta yi doka a kai abin nesa da jama'a, aka koma Point Conception, can ma ƙabilar Chumash suka tsaya tsayin daka, aikin ya mutu. Wasu da suka yi magana a 2007 da sandar dogarawa suka zo, kuma su ne matasan 1977.

Don kada a ce na ɓoye gaskiya, a takarda hayaƙi ne ya kashe aikin, ba makami ba. Kafin gas ɗin ya koma iska sai an ƙona wani ɓangarensa a kan jirgin don a ɗumama shi, ga hayaƙin jiragen dako, duk iska ta kwaso ta kawo yankin da dama bai cika ma'aunin tsabtar iska ba. A daren nan na 9 ga Afrilu mataimakin gwamna John Garamendi da mai kula da asusun jiha John Chiang suka ƙi ba da hayar ƙasan tekun da bututu zai bi, ƙuri'a biyu da ɗaya a hukumar filayen. Zaure ya kaure da ihu, wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe hannuna tana kuka tana magana da Sifaniyanci. Bayan kwana uku hukumar kula da gaɓar teku ta ƙi baki ɗaya. Ranar 18 ga Mayu gwamna Arnold Schwarzenegger ya hau kujerar naƙi, domin dokar tarayya ta ba gwamnan jihar da ke kusa wannan iko. Watakila a nan baƙonku ya rikice, tunda gwamnan ma daga fim ya fito. Amma shi a ƙarshe ya zo, ya tarar an riga an yanka an feɗe. Wa ya sa 'yan siyasar nan suka zo Oxnard suka zauna sa'o'i suna kallon fuskokinmu? Shekara kusan huɗu majalisar birni da unguwanni suna bugun ƙofa.

Sai kuma baƙon naku ya ce mun cuci jihar, mun hana ta gas mai araha. Subhanallahi. Shi da bakinsa, minti biyar kafin nan, ya ce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da irin wannan gas a 2023. Tun 2016 aka fara lodinsa daga tashar Sabine Pass a jihar Luiziyana zuwa ƙasashen waje. Tashar da aka gina don shigo da gas a Mekziko kusa da Ensenada, wadda aka buɗe a 2008, ai daga baya aka shiga gina mata sashen fitarwa. Da an biye wa masu cewa in ba a gina ba fitilu za su mutu, da yanzu muna da ƙaton ƙarfe na ɗaruruwan miliyoyin dala yana tsatsa a gefen filin harba makamai. Mai gabatarwa bai haɗa waɗannan maganganu biyu ba, kuma aikinsa ke nan. Ina neman ku gyara a shiri na gaba, ku faɗi sunan Oxnard da bakinku yadda kuka faɗi Malibu sau uku. Na ƙirga.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah ku rage ƙarar kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin filin gaishe-gaishe. Yayata a Zariya ta aiko mini da gaisuwar sunan jikanta ta wurinku watan jiya, na kunna sau huɗu ban ji sunan jaririn ba sai kalangu. Sai da na kira ta a waya, ga bambancin sa'a takwas tsakaninmu, na tashe ta daga barci.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Oxnard, Kalifoniya