Kwana 180 ga ɗan takara, shekaru ga mai jiran shari'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka. Na yi shekara 27 ina tafinta a kotu kafin in yi ritaya, kuma duk sanda na ga jaridu sun cika shafukansu da labarin kotunan sauraron ƙararrakin zaɓe, sai wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Yau dai na ce bari in faɗe shi in huta.

Ɗan takarar da ya faɗi zaɓe a Najeriya ya san ranar da shari'arsa za ta ƙare tun kafin a fara ta. Sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ba shi kwana 21 ya shigar da ƙara, ya ba kotun kwana 180 ta yanke hukunci, in an ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Da ba haka abin yake ba. Peter Obi ya shigar da ƙara kan zaɓen gwamnan Anambra na 2003, bai hau kujerar ba sai a Maris na 2006. Kayode Fayemi da Rauf Aregbesola sun yi takara a 2007, sai ƙarshen 2010 kotu ta ba su Ekiti da Osun. Da jinkirin ya ciji manya, sai aka gyara kundin a 2010, aka kafa wa'adin da babu alƙalin da ya isa ya ƙetare shi. Ban ce an yi laifi ba. Abin da gyaran ya nuna mini shi ne, ashe an san maganin jinkiri.

To ga wanda ba a yi wa wa'adi ba. Akwai wani magidanci da aka riƙa kawowa kotun majistaren da nake aiki, ana tuhumarsa da hannu a fashi da makami. Ba zan faɗi kotun ba, ba kuma zan faɗi sunansa ba. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami ko kisan kai, wannan aikin babbar kotu ce. Abin da zai iya kawai shi ne ya tura mutum gidan yari a jira shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a, wanda zai duba fayil ya ce ko akwai hujjar gurfanarwa. A sauke wannan bawan Allah daga motar gidan yari, a kira sunansa, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, shawara ba ta fito ba tukuna," ni kuma in juya in gaya masa an ɗage. Abin da na yi ta fassara masa ke nan har shekara huɗu: "An ɗage." Ya zo da baƙin gemu, na ga furfura ta fito masa a cikin akwatin kotu. Ranar da wata lauya daga hukumar ba da taimakon shari'a ta shiga maganar, mako uku kacal ta yi tana bin sawun fayil. Ashe tun da aka yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, fayil ɗin bai taɓa barin caji ofis ba. Aka kai shi ma'aikata, shawara ta fito cewa babu hujja, aka sallami mutumin. Da na gaya masa ya tafi gida, sai ya tambaye ni ranar da zai dawo.

Kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke gidajen yarin Najeriya irin sa ne, masu jiran shari'a, waɗanda sashe na 36 na kundin ya ce ba su da laifi har sai an tabbatar. Kuma ba doka ce babu ba. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1, ko kwana 2 in kotun na da nisa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi ma suka yi irin tasu, ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14, daga nan sai hukuma ta zo ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutum. Ta kuma ɗora wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata su ga waɗanda ke tsare. Bambancin shi ne, wa'adin ɗan siyasa yana da manyan lauyoyi ashirin masu ƙirga masa kwanaki, na talaka kuwa babu mai duba kalanda. Alƙali ba ya tashi daga kujerarsa ya nemo haƙƙin mutum, sai wani ya miƙe ya roƙa.

Wannan mai miƙewar shi ne dalilin kafa hukumar ba da taimakon shari'a tun 1976, aka kuma sabunta dokarta a 2011. Aikinta ta ba da lauya kyauta ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba. Lauyoyinta da na sani mutanen kirki ne, amma kaɗan ne, shari'o'i sun fi ƙarfinsu, kuma galibi ba sa jin labarin mutum sai ya riga ya kwana biyu a ciki. A shekarun da na yi, waɗanda suka shigo akwati da sanin cewa akwai irin wannan hukuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Alhali talaka tun a kwanakin farko yake faɗuwa shari'a. A caji ofis ake rubuta masa jawabi da Turancin da ba ya ji, ya dangwala yatsa. A bayan kanta wani tsohon hannu zai ce masa, "Ka amsa kawai a yi maka sassauci." Sai a karanta tuhuma, in tambaye shi ko ya aikata, ya ce, "Eh na ɗauka, amma kuɗin aikina ya riƙe wata uku." Wannan ba amsa laifi ba ce, kuma alƙali mai natsuwa zai rubuta cewa bai amsa ba. Amma in shari'a 40 ke gabansa a ranar, tafintan kuma malalaci ne da ya tsaya a "eh," shi ke nan an gama da yaro. Na san abokan aikina da suka yi haka. Ni ma ba zan rantse cewa ban taɓa gajarta maganar wani ba ranar da na gaji, Allah Ya yafe mana.

Wasu ƙasashen sun gano wannan tuntuni. A Amurka, wani talaka mai suna Clarence Gideon ya roƙi kotun Florida ta ba shi lauya a 1961, aka hana shi, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya rubuta wa kotun ƙoli takarda da fensir. A 1963 kotun ta ce dole gwamnati ta ba marar hali lauya a manyan laifuka, aka sake shari'ar da lauya, aka wanke shi. A Ingila, bisa dokar 1984, duk wanda aka tsare a ofishin 'yan sanda yana da damar ganin lauya kyauta kafin a yi masa tambayoyi, mai kuɗi ne ko matalauci. In an ce waɗannan masu arziki ne, to Malawi fa? Tun shekarar 2000 ta fara tura mataimakan lauyoyi, waɗanda ba su yi digirin lauya ba amma an horar da su, suna shiga gidajen yari suna koya wa fursunoni yadda ake neman beli, suna bin fayilolin da suka kwanta. Aikin da lauyar nan ta yi wa mutumina ke nan, kuma mai takardar sakandare da aka koya wa hanya zai iya rabinsa.

Roƙona gare ka biyu ne, Malam Edita. Ka riƙa buga adireshin ofisoshin hukumar nan na jihohi a wani lungu na jaridarka kowane mako, da Hausa, da bayanin cewa kyauta ne, domin uwar da aka kama ɗanta ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Sannan cikin wakilan da kake turawa kotun zaɓe, ka ware ɗaya ya je wurin babban majistare ya tambaye shi ranar da ya ziyarci caji ofis a watan jiya, da mutum nawa ya tarar a tsare, da kwana nawa kowannensu ya yi.

Naka,
Tsohon tafintan kotu