Kada malamanmu su bi Yarima a sha kiɗa a binciken tsufa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani fannin ilmi da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato binciken da masana ke yi a kan yadda jikin ɗan Adam yake tsufa. Ni malamin bayoloji ne mai ritaya, na yi shekaru ina koyarwa a makarantun sakandare na jihar Katsina, kuma abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne ziyarar da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini kwanakin baya. Yana shirin digiri na biyu. Ya same ni a zaure bayan la'asar, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wani zane cike da da'irori manya da ƙanana, kowace da'ira tana ɗauke da sunan wani masani ko wani batu, girmanta kuwa gwargwadon yawan ambaton da sauran masana suka yi mata a maƙalunsu. Ya ɗora yatsa a kan wadda ta fi girma ya ce, "Malam, wannan ake yayi, a nan zan ɗauki batuna." Na tambaye shi ko akwai na'urar yin wannan aikin a inda yake karatu, ya yi dariya. Da na tambaye shi ko ya san shekarun kakarsa da ke raye a gidansu, sai ya yi shiru.

Ƙirga ambato ba sabon abu ba ne. Eugene Garfield ya fitar da kundinsa na ƙirgar ambaton maƙalun kimiyya a 1964, Jorge Hirsch kuma ya kawo ma'auninsa na tasirin masani a 2005, yau ga shi ƙarin girman malaman jami'o'inmu ya rataya a kan irin waɗannan lambobi. Ban ce ba su da amfani ba, domin suna nuna wa ɗalibi inda zai fara karatu. Sai dai abin da suke ƙirgawa shi ne inda hankalin jama'a da kuɗinsu suka karkata, kuma tarihin binciken tsufa ya nuna sau da yawa cewa inda taro yake daban, inda gaskiya take daban.

A 1912 wani likita Bafaranshe da ke aiki a Cibiyar Rockefeller ta New York, Alexis Carrel, ya ɗauki tsokar zuciyar ɗan tsako da ke cikin ƙwai ya sa a kwalba yana ciyar da ita, ya kuma sanar da duniya cewa ƙwayoyin halitta ba sa mutuwa muddin ana kula da su. A wannan shekarar aka ba shi kyautar Nobel saboda wani aikin dabam na tiyata, don haka maganarsa ta zama kamar yankan wuƙa. Duk wanda ya gwada a nasa ɗakin gwaje-gwajen ƙwayoyinsa suka mutu, sai ya ɗora laifin a kan hannunsa. Carrel ya mutu a 1944, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, amma maganarsa ta ci gaba da mulki har 1961, lokacin da Leonard Hayflick da Paul Moorhead a Filadelfiya suka nuna cewa ƙwayar halittar mutum takan rabu kusan sau hamsin ne sannan ta tsaya. Mujallar farko da Hayflick ya aika wa aikin ta mayar masa da shi, saboda ya saɓa wa abin da manya suka yarda da shi. Zaton da masana suka fi yi yanzu shi ne, ruwan abincin da ake zuba wa tsokar Carrel yana ɗauke da sababbin ƙwayoyi. Da a 1950 aka yi zanen da ɗalibina ya nuna mini, da da'irar Carrel ce za ta cika shafin.

Bayan haka aka yi yayin tsatsa. A 1956 Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa jiki yana tsufa ne saboda wasu ɓurɓushin sinadarai masu cizo da ke fitowa yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, kamar yadda damina ke cin kwanon rufi. Ra'ayi ne mai daɗin fahimta, kamfanoni suka cika duniya da ƙwayoyin hana tsatsa. Da aka zo gwaji na gaske a ƙasar Finlan, a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda aka ba sinadarin beta-karotin, ɗaya daga cikin masu hana tsatsar, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Haka aka yi da resberatirol, wani sinadari da ke cikin ɓawon inabi: kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris a kan dala miliyan 720 a 2008 saboda shi, bayan shekara biyar ya rufe wurin, kuma da aka gwada sinadarin a babban shirin gwaji na Cibiyar Binciken Tsufa ta Amurka bai ƙara wa ɓeraye kwana ba. Abin da ya fi damuna shi ne, idan an gama yayin abu a can, sai ya sauka a kasuwarmu kamar gwanjo. Da idona na ga wani dattijo maƙwabcina, wanda ke shan maganin hawan jini, ya ajiye maganin likita a kan taga ya koma shan wasu ƙwayoyi masu kwali mai walƙiya da aka tallata masa a waya cewa suna mayar da tsoho yaro, kuɗin kwalba ɗaya kuwa ya isa tiyar gero da yawa. Mun daɗe da sanin hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci a nemi magani domin kowace cuta tana da maganinta, ban da tsufa. Masana na ƙwarai ma abin da suke nema shi ne mutum ya tsufa da ƙarfinsa da hankalinsa. Har yau ba a samu wanda ya wuce Jeanne Calment ta Faransa ba, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Ba na so a fahimce ni a matsayin mai raina aikin mutane. An gano abubuwa masu nauyi. A 1993 Cynthia Kenyon ta nuna cewa sauya ƙwayar gado guda ɗaya tak ya ninka kwanan wata 'yar tsutsa, abin da ya tabbatar da cewa saurin tsufa yana da linzami a cikin halitta. Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak sun sami kyautar Nobel a 2009 saboda bayanin telomiya, wato kalmasar da ke bakin zaren gado tana hana shi zarewa, wadda kan ƙara gajarta duk lokacin da ƙwaya ta rabu, kuma wannan ne ya bayyana dalilin abin da Hayflick ya gani. A 2013 Carlos López-Otín da abokan aikinsa huɗu suka tattara alamomin tsufa tara a mujallar Cell, maƙalar da aka ambata fiye da sau dubu goma, sannan a 2023 suka mayar da su goma sha biyu. Aiki ne mai kyau, amma idan kowane ɗalibi a duniya ya fara rubutunsa da jeri ɗaya, tambayar da ba ta cikin jerin ba za ta sami mai yin ta ba. Kuɗi kuma ya bi sawu: Google ya kafa kamfanin Calico a 2013, aka buɗe Altos Labs a 2022 da dala biliyan 3, Saudiyya ma ta kafa gidauniyar Hevolution. Malamin jami'a a Katsina ko Dutsin-Ma da ya ce zai yi tsere da waɗannan a filinsu, da wutar lantarkin da muke da ita, ya ɗauki kayan da ba zai kai ba.

Wani abin dubawa shi ne, biyu daga cikin dabbobin da aka fi ji da su a wannan fanni na Afirka ne. Akwai wani ɗan kifi na kududdufan damina a Zimbabuwe da Mozambik, wanda ke tsufa ya mutu cikin 'yan watanni, ƙwansa kuma ya yi rani a busasshen taɓo, abin da zai tuna wa Bahaushe gaiwa. Akwai kuma wani ɓera marar gashi na ƙarƙashin ƙasa a Kenya da Habasha da Somaliya, wanda kan iya wuce shekara talatin. Dabbobin namu ne, amma ɗakunan gwajin da sunayen da ake ambato yawanci na Turai da Amurka ne, kuma mafi rinjayen mutanen da aka yi nazarin ƙwayoyin gadonsu Turawa ne.

To, me ya rage mana? Abin da ya rage mana ya fi abin da muke zato, kuma Ibadan ta riga ta nuna hanya. A 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara aikin kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatan birnin Indiyanapolis na Amurka. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa masu kamuwa da gigin tsufa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma wata ƙwayar gado da aka sani tana jawo cutar ba ta nuna ƙarfi a Ibadan kamar yadda ta nuna a Amurka ba. Farfesa Oye Gureje ya biyo baya da nazarin tsofaffi fiye da dubu biyu a ƙasar Yarabawa. Waɗannan ayyuka sun yi suna ne saboda sun kawo wa duniya abin da ba ta da shi, kuma ginshiƙinsu shi ne shiga gida-gida, da tambaya cikin harshen mutane, da haƙurin komawa wurin mutum ɗaya shekara bayan shekara.

Mu a nan ƙasar Hausa muna da tambayoyinmu. Yaya jikin da ya sha zazzaɓin cizon sauro tun yana goye yake tsufa? Yaya ƙashin matar da ta haifi goma yake idan ta kai saba'in? Cikin alamomin tsufa uku da aka ƙara a 2023 akwai daɗaɗɗen kumburin cikin jiki da rikicewar ƙananan halittun hanji, to mene ne labarin hanjin dattijon da ya yi shekara sittin a kan fura da nono da tuwon gero, idan aka kwatanta da ɗansa mai taliya da lemon kwalba? Masana na ta gwajin takaita abinci tun aikin Clive McCay a kan ɓeraye a 1935, mu kuwa ga dattawa a kowace unguwa da suka yi shekaru suna azumin Litinin da Alhamis. Masu cewa Nijeriya ƙasar matasa ce, matsakaicin tsawon rai bai kai sittin ba, sun manta cewa mutuwar ƙananan yara ce ke jan wannan lamba ƙasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa nan da 2050 mafi yawan tsofaffin duniya za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Amma kafin duk wannan akwai aikin farko, wanda ya sa na yi wa ɗalibina waccan tambayar. Na taɓa raka gwaggona wani asibiti, mai rubuta kati ya ɗago kai ya ce, "Iya, shekarunki nawa?" Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ƙirga? Da aka naɗa Sarki Nagogo dai da wayona, har ina ɗaukar tallan gyaɗa." Yaron ya dubi fuskarta, ya dubi layin da ke bayanmu, ya rubuta 70. An naɗa Sarki Usman Nagogo a 1944, kuma yarinyar da ke talla a lokacin ba za ta gaza shekara shida ba, ke nan an zaftare mata fiye da shekara goma da alƙalami ɗaya. Duk wanda ya buɗe rajistar tsofaffi a wurarenmu zai ga 60 da 70 da 80 sun yi cunkoso, kamar ba a haihuwar kowa a tsakani. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a kimiyyance. Agogon da Steve Horvath ya ƙirƙira a 2013, mai kimanta shekarun jiki daga wurare 353 a zaren gado, an saita shi ne da mutanen da aka san ranar haihuwarsu, kuma ba yadda za a gane ko yana faɗin gaskiya a kanmu idan ba mu san shekarun wanda aka ɗebi jininsa ba. Ba mu kaɗai ke da matsalar ba, domin a 2010 hukumomin Japan sun gano sunaye fiye da 230,000 na 'yan shekara ɗari a rajista waɗanda ba a san inda suke ba.

Don haka roƙona ga jami'o'inmu na Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da asibitin koyarwa na Katsina, shi ne malaman tarihi da na bayoloji da likitoci su zauna tare su tsara kalandar abubuwan da suka faru a ƙasar Katsina da Daura, gari-gari: naɗin sarakuna da hakimai, zuwan Sarauniyar Ingila Nijeriya a 1956, samun 'yanci a 1960, naɗin Sarkin Daura Muhammadu Bashar a 1966, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, da shekarun fari da yunwa da kowane ƙauye ya sa wa suna. Da wannan za a iya kusantar shekarun dattijo da kuskuren da bai wuce shekara biyu ko uku ba. Daga nan sai a zaɓi mutum dubu ko biyu, a auna hawan jininsu da sukari da ƙarfin damƙar hannu da saurin tafiya da tunani, a koma musu duk bayan shekara biyu. Kayan aikin ba su fi ƙarfin tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba, kuma masu ba da ƙarin girma a jami'o'i su yarda cewa irin wannan aiki yana cin shekaru kafin a fara ambatonsa.

Ɗalibin nawa ya dawo bayan mako biyu da littafin rubutu a hannu. Ya zauna da kakarsa sau uku, ta ce masa tana goyon mahaifinsa aka canza kuɗi, kuma mahaifin nasa ne ɗanta na shida. Yanzu yana neman wani tsohon malamin allo a unguwarsu wanda aka ce yana rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littattafansa.

Wassalam.

Naka,
Malamin bayoloji mai ritaya,
Ƙofar Sauri, Katsina.