Zuwa ga Mamana, a kan kiɗan da kike kwana da shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana, bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya sanyin Landan, ya karatu? Mutanen gida duk suna gaishe ki. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma Islamiyya. Matar Yayanki ta sauka lafiya, namiji, an yi mini takwara.

'Yar Gwaggonki ta kira mahaifiyarki ranar Lahadi. Kada ki ga laifinta, don da ta yi shiru da ni zan fara fushi da ita. Ta ce tun shigowar hunturu ba kya fita sai dole, abinci sai an matsa miki, darasin safe kin fara tsallakewa. Ta ce akwai wani kiɗa da kike sakawa, babu waƙa a cikinsa, fiyano ne da goge, in ya ƙare ki mayar da shi farko har asuba. Sannan ta faɗi abin da ya raba ni da barci: wai can cikin dare kina fita ke kaɗai, waya a kunne, ki je ki tsaya a kan gada kina kallon kogin Thames.

Na sa Auta ya nemo mini kiɗan, ya kuma nemo fim ɗin da aka yi shi dominsa. New Moon ne, kashi na biyu na Twilight, wanda ya fito a 2009. Na zauna na kalla har ƙarshe, duk da labarin masu shan jinin mutane ba abin da dattijo irina zai ɓata dare a kansa ba ne.

Ba zan ce miki kiɗan ba shi da kyau ba, don ƙarya zan yi, ke ma kuma za ki gane. Kin san shekarun da na yi a gidan rediyo ina zaɓar sautin da za a shimfiɗa a ƙarƙashin wasan kwaikwayo, saboda haka in na ji aikin gwani ina gane shi. Wanda ya rubuta shi Bafaranshe ne, Alexandre Desplat, haifaffen Paris a 1961, mabushin sarewa tun yana yaro. Kashi na farko Carter Burwell ne ya yi wa kiɗa a 2008, amma da aka ba Chris Weitz jan ragamar na biyu sai ya kira Desplat, wanda dama sun yi aiki tare a 2007, shi kuma ya rubuta nasa sabo fil. Ƙungiyar makaɗan London Symphony Orchestra ce ta kaɗa, ta garin da kike ciki, wadda aka kafa tun 1904. Daga baya mutumin nan ya ci kyautar Oscar har sau biyu, a 2015 da 2018. Ba ƙaramin mai sana'a ne ya kama ki ba, shi ya sa nake tsoro.

Bari in gaya miki yadda ake yin abin nan, tunda sana'ata ce ta wani ɓangaren. Mai rubuta kiɗa yana zama da daraktan fim su bi hoto daki-daki, su tsayar da inda sauti zai shiga da inda zai fita. Sai ya ƙirƙiri ɗan gajeren sauti ya ɗaura wa soyayyar, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa basarake take, da an kaɗa kowa ya san wa ake nufi ko ba a gan shi ba. Da farko za ki ji taken lokacin da masoyan ke tare. Bayan saurayin ya tafi sai a riƙa dawo da shi, a rage masa sauri, a bar fiyano shi kaɗai yana taka shi a hankali, sannan masu goge su shigo daga ƙasa su ɗaga shi har ƙirjin mai sauraro ya cika. Mutumin ba ya nan, amma takensa na nan, kuma ya fi daɗi yanzu da babu shi. An auna kowace daƙiƙa. Mutane masu yawa ne suka zauna da takardu a gabansu, aka yi ta maimaitawa har ya zauna daidai, aka biya su, suka sa rigunan sanyinsu suka tafi gida cin abinci. Ke kuwa kin ɗauke shi kin shiga ɗaki kin rufe ƙofa.

Kuma dubi labarin da aka yi wa wannan ado. Yarinya 'yar shekara 18, ranar bikin haihuwarta ta yanke yatsa da takardar kyauta, ɗan'uwan saurayin ya zabura zai afka mata saboda ƙanshin jini. Saurayin ya ja ta daji ya ce ya tafi ke nan. Ta zauna a bakin taga, Oktoba ya wuce, Nuwamba ya wuce, Disamba ya wuce. Daga nan ta gano cewa duk lokacin da ta jefa kanta cikin haɗari tana ganin siffarsa, sai ta shiga neman haɗarin da kanta. Ta hau babur ba ta iya ba, ta fashe kai. Daga ƙarshe ta hau saman dutse ta faɗa teku.

A nan na ce wa Auta ya tsayar da fim ɗin. Na tashi na yi alwala.

A fim akwai wanda ya tsamo ta. Akwai jirgin da ya kai ta Italiya, garin Volterra, ta tarar da saurayin da ransa, suka koma gida tare, makaɗa suka cika wurin da sauti. An saka mata da alheri a kan faɗawa ruwa, kuma kiɗan ne ya sa abin ya yi kama da jarumta. Mamana, ruwan Thames a watan Disamba ba shi da mai tsamowa da aka rubuta masa ya iso a kan lokaci. Me kike nema a kan gadar nan? Me kike kallo a cikin ruwan? Ina tambayarki kai tsaye, don ban saba yi miki kwana-kwana ba: shin zuciyarki ta taɓa raya miki ki cutar da kanki? In ta taɓa, ki faɗa mini. Ba zan yi miki faɗa ba, ba zan kai maganar gaban kowa ba, kuma ba za ki ragu a idona da ƙwayar zarra ba.

Akwai uban yarinyar a fim ɗin, ɗan sanda, yana jin ihunta cikin barci ya rugo ɗakin ya rasa abin yi. Shi ko ba komai bango ɗaya ne tsakaninsu. Ni teku da sahara ne tsakanina da ke.

Na san kina riƙe da ni a kan abin da ya faru bayan Babbar Sallah. Riƙe ni. Abin da na faɗa wa mutanen gidan su yaron da ke neman ki a zaure, yau ma shi zan faɗa. Wanda ke son 'yar mutane magabatansa yake turowa, ba ya ajiye ta shekara da shekaru yana cewa a ƙara masa lokaci. Na ba su zaɓi, suka zaɓa, kuma zaɓin nasu ya nuna mana abin da ke ƙasa tun da wuri. Haka kuma lokacin da Baffanninki suka taso a kan ina barin ku kuna jin kaɗe-kaɗe, ni na tsaya, kuma da aka zo maganar tafiyarki Ingila ni na sake tsayawa, kin san abin da aka sayar. Ban yi nadamar ko ɗaya ba. Amma ban tsaya miki don ki je ƙasar mutane ki zauna makokin wanda yake nan garin yana yawonsa yana cin tuwonsa ba. Kuma wane irin hali ne wannan, mahaifiyarki ta kira ki, ki ce mata "lafiya lau" ki kashe waya? Matar nan hawan jininta ya tashi. Tana zama da wayar a cinya tana jira ta yi haske. Ba haka na rene ki ba, kuma sunan da kike ɗauke da shi, mai shi ta ga abin da ya fi wannan ba ta rufe wa kowa ƙofa ba.

To, ya isa. Ban ce kada ki yi baƙin ciki ba. Annabi Yakubu ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, amma ya ce ga Allah yake kai ƙarar damuwarsa, kuma ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ki yi kukanki a kan sallaya, ki yi shi a kafaɗar 'yar'uwarki. Na kuma san garin da kike rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a wannan watan, ga sanyi, ga kaɗaici, wannan kaɗai yana karya zuciyar mai lafiya. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, yana da likita, yana da magani. Ki je wurin likitan da kika yi rajista da shi, ki gaya masa ba kya ci, ba kya barci, ki gaya masa maganar gadar ma. Jami'arku tana da ofishin masu ba ɗalibai shawara, ki shiga. Babu abin kunya a ciki.

Kiɗan kuwa, ban ce ki goge shi ba, don na san in na ce ma ba za ki yi ba. Roƙona ki daina jin sa da dare, ki daina jin sa ke kaɗai. Makaɗan nan a zauren Barbican suke wasa, tun 1982 can ne gidansu. Ki ja 'yar Gwaggonki ku je, ni zan biya kuɗin shiga. Ki ga yadda suke gyara tsirkiya kafin a fara, yadda suke juya takarda, yadda mai sanda ke ɗaga hannu su shigo tare. Ki dawo ki ba ni labari, don ni ban taɓa gani da idona ba, a faifai kawai na san su.

Gada kuma na hana. Wannan umarni ne, ba shawara ba. In dare ya yi miki tsawo ki kira ni, ko ƙarfe nawa ne, wayata tana gefen filo kuma na sa Auta ya ƙara mata ƙara. In kin ga zaman ba zai yiwu ba, ki faɗa, a nemi hutun zango a makaranta ki dawo gida, digiri ba ya guduwa. Na riga na yi magana da Yayanki a kan kuɗin jirgi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira ki ta bidiyo. Ki ɗauka, ki kunna fitila, ina son ganin fuskarki. Kafin nan ki kira mahaifiyarki ki ba ta haƙuri.

Allah Ya tsare mini ke, Ya yaye miki, Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Baba