Takardar Koke Kan Yaran da Kogin Kaduna Ke Ci Lokacin Bazara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa,
ta hannun iyayenmu hakimai da masu unguwanni.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yara mazauna bakin kogi, tun daga Rafin Guza da Malali har Unguwar Rimi da Kabala, muka zo da kukanmu.

Da zarar an shiga watan Maris zuwa Afrilu, ɗakin kwano ba ya zaunuwa da rana, ga ɗaukewar wuta, famfo kuma sai ya ga dama. To yaro ina zai nufa? Kogi. Ana tashi daga makaranta sai ka ga ayarinsu, almajirai da ƙullin wanki, 'yan boko da jaka a baya, kowa ya tuɓe a kan dutse.

Abin da ke yaudararsu shi ne janyewar ruwa. Yaro yana tafe ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya rufta ramin da masu haƙar yashi suka bari, mai zurfin da zai shanye babban mutum. Wanda ruwa ke ci kuwa ba ya iya ihu, bakinsa na nitsewa yana tasowa, abokansa na gefe suna zaton wasa yake. Akwai a cikinmu wanda da silifa da riga a ninke ya gane ɗansa ne ake nema. Sau da yawa kuma wanda ya faɗa ceto, wansa ko abokinsa, tare ake fito da su.

Mun sani kwana idan ya ƙare ba makawa, amma ko raƙumi cewa aka yi a ɗaure shi sannan a yi tawakkali.

Babban roƙonmu a kan ramukan nan ne. A zauna da masu yashi da masu tifa, a wajabta musu kafa jar tuta ko sanda duk inda suka haƙa, kuma a nisanta aikin daga mashayar jama'a. Sannan a ɗauki masunta, waɗanda suka san kogin kamar tafin hannunsu, su riƙa gadi daga azahar zuwa magariba da ɗan alawus, ƙarƙashin sarkin ruwa. Igiya, doguwar gora da jarka mai murfi sun isa ceton rai ba tare da kowa ya shiga ruwa ba.

Muna kuma roƙon jami'an lafiya da na kashe gobara su koya wa matasanmu hura numfashi da danna ƙirji, domin har yau a wurinmu kifa yaro ake yi ana matsa masa ciki, lokaci na tafiya. Limamai da fastoci da malaman tsangaya su ja kunne, mu ma za mu yi namu a gida. Idan aka gyara mana rijiyoyin burtsatse da suka mutu, rabin masu wankin nan ba za su sauka kogi ba.

A shirye muke mu raka wakilanka su ga ramukan da idonsu kafin ruwan sama ya rufe su.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara, mazauna bakin Kogin Kaduna.