Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: A Haɗa Ɗaliban Gini, Saƙa Da Ɗinki A Aji Ɗaya

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, koke nake tafe da shi kan yadda manyan makarantu suka raba ɗalibin zanen gine-gine da na saƙa da na ɗinki, kowa da sashensa, har su gama karatu ba su san matsala ɗaya ce ke ci musu tuwo a ƙwarya ba.

Matsalar kuwa ita ce yadda shimfiɗaɗɗen abu zai rufe abu mai lanƙwasa. Tela na fama da ita a kafaɗar riga, mai zanen gini na fama da ita a ƙubba. Tun 1827 masanin lissafi Gauss ya tabbatar cewa abu mai siffar ƙwallo ba ya shimfiɗuwa sai an tsaga shi ko an ja shi. Shi ya sa tela ke yanka yadi yana tsuke shi. Yau kwamfuta ce ke lissafa inda za a yanka, yadi ne ko farantin ƙarfe, kuma lissafin ɗaya ne.

Ita kanta kwamfutar, masaƙa na bin ta bashi. A 1804 wani Bafaranshe mai suna Jacquard ya fito da injin saƙa a birnin Liyon na Faransa, wanda ke karanta ado daga kati mai huji, kuma daga nan Babbage, masanin lissafi ɗan Ingila, ya ɗauki dabarar ba injin lissafinsa umarni, injin da ake ɗauka a matsayin kakan kwamfuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da masu bincike na jami'ar ETH ta birnin Zurik a ƙasar Suwizalan suka yi a birnin Meksiko a 2018 tare da kamfanin zanen gine-gine na Zaha Hadid. A al'ada, kafin a zuba kankare mai lanƙwasa sai an ƙera masa mazubin katako, wanda yawanci zubar da shi ake yi bayan an gama. Su kuwa injin saƙa suka ba lissafin, ya saƙa mazubin cikin awa 36. Suka naɗe shi cikin akwatin tafiya, suka ɗame shi a kan igiyoyin ƙarfe, suka shafe shi da siminti ya ƙage, sannan ya ɗauki kankare tan 5. Wanda bai san halin zare ba ba zai taɓa tunanin wannan ba, komai ƙwarewarsa a manhajar kwamfuta.

Don haka nake roƙon ka sa hukumomin tsara manhajar karatu su samar da darasi guda na lissafin siffofi da rubuta umarnin kwamfuta, wanda ɗaliban sassan uku za su zauna tare su ɗauka, da ɗakin aiki ɗaya mai injin saƙa da na yanka. Kuma don Allah a ɗauki gogaggun teloli da masaƙa su koyar a ciki, da albashi da daraja irin ta malami, ko ba su da digiri. Kwamfuta na iya zana yadi a allo, amma su ne suka san yadda yake miƙewa idan an yanka shi a karkace, da yadda yake shiga bayan wanki, kuma ɗalibi na buƙatar ya ji wannan a hannunsa kafin ya yarda da abin da allo ya nuna masa.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani malamin zane